Ilimin da Aka Haifa a Ofishin Masu Shayi

Jami'o'in Birtaniya da dama suna ba da digiri na biyu a fannin kula da tsarin bayanai da ƙirƙire-ƙirƙire, kuma ɗalibai daga ƙasashe masu nisa suna biyan kuɗi mai kauri don su yi shekara guda a kansa. Masu kushe fannin kan ce ba shi da asali, wai guntun ilimin kwamfuta aka haɗa da guntun ilimin kasuwanci aka raɗa masa suna mai daɗin ji. Tarihi bai goyi bayansu ba. Fannin yana da tambayarsa ta kansa, wadda ta girmi darussan jami'a: in an shigo da na'ura cikin aikin mutane, wane ne ya san aikin har zai tsara mata abin da za ta yi, kuma yaya masu aikin za su kasance bayan ta shigo? Wanda ya fara amsa wannan tambaya a aikace wani kamfanin shayi da burodi ne a Landan.

A da, kamfanin J. Lyons yana da shagunan shan shayi fiye da 200, da manyan gidajen burodi a Cadby Hall da ke yammacin birnin. Ribar da ake samu a kan kofin shayi ɗaya ba ta taka kara ta karya ba, don haka in aikin akawu ya yi tsada, sai ya cinye ribar gaba ɗaya. Wannan ne ya sa a 1923 kamfanin ya ɗauki John Simmons, wanda ya karanta lissafi a Cambridge, aka ɗora masa nazarin yadda takarda ke yawo daga tebur zuwa tebur, da wa ke buƙatar wane adadi, da kuma lokacin da yake buƙatarsa. Shi da abokan aikinsa sun shafe fiye da shekara 20 suna wannan aiki kafin su ga kwamfuta da idonsu. A 1947 manyan ma'aikata biyu, Oliver Standingford da Raymond Thompson, suka je Amurka suka ji labarin sababbin na'urorin da ake ƙerawa don lissafin soja da na kimiyya, suka dawo da shawarar cewa irinsu za ta iya aikin ofis. Lyons ya ba Jami'ar Cambridge fam 3,000 don ta kammala na'urarta mai suna EDSAC, sannan ya ƙera tasa a kan tsarinta, ya sa mata suna LEO. A watan Nuwamba na 1951 ta fara lissafin kayan da gidajen burodi ke fitarwa, a 1954 kuma ta karɓi biyan albashi. Takardar albashin da akawu ke ɗaukar minti 8 yana haɗawa, na'urar tana gama ta cikin ƙasa da daƙiƙa 2.

Saurin na burge mutane, amma abin da ya fi muhimmanci shi ne aikin odar shaguna. A da, manajar kowane shago takan cika takardu masu yawa na kayan da take so gobe. David Caminer, wanda ya jagoranci tsara ayyukan LEO, ya bi shagunan da mutanensa suka zauna da waɗannan mata suka ga yadda suke yanke shawara. Sakamakon shi ne aka tanadar wa kowane shago odarsa ta yau da kullum, manaja ta buga waya ta faɗi abin da ya canza kawai. Na'urar ba ta ƙirƙiro wannan dabara ba. Mutanen da suka san shago ne suka gano ta, kuma da an kwafi tsoffin takardun an zuba cikin kwamfuta yadda suke, da wahalar tana nan, sai dai ta ƙara sauri.

A shekarar 1951 ɗin dai, Eric Trist da Ken Bamforth na Cibiyar Tavistock suka wallafa bincikensu a kan ma'adinan kwal na Ingila. An kawo injina, an wargaza ƙananan ƙungiyoyin leburori da suka saba raba aiki a tsakaninsu, sai ga shi abin da ake haƙowa bai ƙaru yadda aka zata ba, fashin zuwa aiki kuma ya yawaita. Daga nan aka samo ƙa'idar cewa injin da zaman mutanen da ke aiki da shi abu guda ne, tare ake tsara su. Enid Mumford ta Makarantar Kasuwanci ta Manchester ta ɗauko wannan ƙa'ida ta kawo ta cikin ofis, tana mai dagewa cewa akawun da zai yi amfani da tsari yana da haƙƙin sa baki a tsara shi.

Waɗannan jijiyoyi biyu ne suka haɗu a jami'a. Frank Land, wanda ya yi shekaru yana aiki da LEO, ya koma Makarantar Tattalin Arziki ta Landan a 1967 don ya kafa koyar da nazarin tsarin aiki, kuma zaɓen wurin yana da ma'ana, domin makaranta ce ta ilimin zamantakewa, ba ta injiniyoyi ba. A Amurka, Gordon Davis da abokan aikinsa sun buɗe karatun gaba da digirin farko a wannan fanni a Jami'ar Minnesota a 1968. Mujallar MIS Quarterly ta fara fita a 1977, babban taron masana fannin na duniya kuma ya fara zama a Philadelphia a 1980.

Za a iya cewa, to ai mutanen Lyons ba su da wannan digiri, kuma su ne suka yi abin a zo a gani. Me ya kawo jami'a ciki? Amsar tana cikin abin da ya sami iliminsu. Yana cikin kawunan mutane ƙalilan ne da suka yi shekaru a kamfani guda. Da sashen LEO ya haɗe da kamfanin English Electric a 1963, daga baya ya narke cikin kamfanin ICL a 1968, hankali ya koma kan sayar da na'ura, dubban kamfanonin da suka saya kuma ba su da Simmons nasu. Sana'ar da ake koya a gindin maigida tana ƙarewa ne in gidan ya watse. Digirin ƙoƙari ne na tattara abin da aka koya cikin shekara 30 a miƙa shi ga wanda ba zai taɓa samun irin wannan reno ba. Shekara guda ba ta maye gurbin gogewa, wannan gaskiya ne, amma tana koya wa mutum tambayoyin da zai yi kafin a sa hannu a kwangila.

Wata sukar ta fi wannan kaifi. A 1972 John Dearden na Harvard ya rubuta cewa mafarkin tsari ɗaya da zai ba manaja duk bayanin da yake so yaudarar kai ce, a 2003 kuma Nicholas Carr ya ce fasahar bayanai ta zama kamar wutar lantarki, kowa na iya saye, don haka ba ta fifita kamfani a kan wani. Dearden ya yi daidai a kan mafarkin, fannin ma ya bar shi. Carr kuwa, in an duba da kyau, hujjarsa tana ƙarfafa fannin ne: tunda na'ura ɗaya kowa ke saye, bambancin da ya rage shi ne yadda aka sake fasalin aiki a kewayenta. A nan ne maganar ƙirƙira da aka ƙara wa sunan darussan daga baya take da gurbi, ko da yake ba a rasa makarantun da suka ƙara ta don jan ɗalibai kawai.

Sukar da ta fi nauyi ita ce wannan: an yi fiye da shekara 50 ana koyar da fannin, amma manyan ayyuka suna ta rushewa. A Oktoban 1992 sabon tsarin tura motocin asibiti na Landan ya rikice, masu kiran gaggawa suka yi ta jira. Babban shirin kwamfuta na hukumar lafiya ta Ingila, wanda aka fara a 2002, an wargaza shi a 2011 bayan ya ci biliyoyin fam. Ba za a wanke fannin tas ba, domin masanansa sun sha rubuta wa junansu a mujallun da manajoji ba sa karantawa. Sai dai rahoton binciken motocin asibitin ya ambaci gaggawa, da ƙarancin gwaji, da ƙarancin horo, da rashin yarda tsakanin shugabanni da ma'aikata, wato abubuwan da Mumford ta daɗe tana gargaɗi a kansu. An san maganin, waɗanda ke da ikon yanke shawara ne ba su nema ba.

Mafi ciwo shi ne abin da ya faru a gidan wayar Birtaniya. Tsarin Horizon, wanda reshen ICL ya gina kuma ya fara aiki a 1999, yakan nuna giɓin kuɗi a ƙananan rassan gidan waya alhali kuɗin bai ɓace ba. Tsakanin 1999 da 2015 an yanke wa ɗaruruwan masu riƙe da rassan hukuncin sata ko ƙaryar lissafi, wasu sun shiga kurkuku, wasu sun rasa gidajensu. Kuskure a manhaja ba sabon abu ba ne, kowane babban tsari yana da shi. Ta'asar ta zo ne daga hukumar da ta gaskata allo ta ƙaryata mutanen da suka fi kowa sanin kantunansu, da kuma doka, wadda tun 1999 ta ɗauka cewa kwamfuta daidai take sai in wanda ake tuhuma ya nuna akasin haka, alhali bayanan da zai kafa hujja da su suna hannun mai tuhumarsa. Sai a 2019 babbar kotu ta tabbatar da kura-kuran tsarin, sai kuma a 2024 majalisa ta yi dokar da ta soke hukunce-hukuncen, bayan wasu daga cikin waɗanda aka zalunta sun riga sun rasu.