Ƙullu da Tanda: Tarihin Wata Tsohuwar Tambaya

 Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami wata gardama ce da ta tashi nan Landover bayan an watse daga taron suna. Wani yaronmu mai karatu a jami'a ya ce wai wani Bajamushe ya tabbatar ba mai iya sanin abu yadda yake a haƙiƙa. Wani dattijo ya ce masa, "Kai yaro, wannan zancen kafirci ne, ka tuba." Yaro ya fita yana ganin tsofaffi ba su san kome ba, dattijo ya koma gida yana ganin boko ya cinye mana ɗa. Mu kuwa muna ganin da sun san tarihin tambayar, da ba su rabu haka ba.

Bajamushen nan sunansa Kant. An haife shi a 1724 a birnin Konigsbag, wanda yanzu yake hannun Rasha ana kiransa Kaliningrad. Kafinsa wani mutumin Sikotland, Hiyum, ya ce in wuta ta taɓa abu ya ƙone, ido ya ga wuta, ya ga toka, amma bai ga igiyar da ta ɗaure wannan da wancan ba. Sabo ne kurum ya sa muke cewa sababi. Maganar ta hana Kant sakat, har a 1781 ya fitar da babban littafinsa kan iyakar hankali tsantsa.

Ga abin da ya ce, mu kwatanta da masa. Ko wace masa da ta fito daga madafa zagayayya ce, ba don ƙullu zagayayye ne ba, sai don haka ramin tanda yake. Saboda haka tun yau mun san masar gobe zagayayya za ta zo. Amma wanda bai taɓa shiga madafa ba, masa kaɗai ake miƙo masa, ba shi da ta cewa kan siffar ƙullu. To, a wurin Kant hankalin ɗan Adam shi ne tanda. Wuri da lokaci da sababi su ne ramukanta, duk abin da ya iso gare mu ta cikinsu ya biyo. Watau mun san abubuwa yadda suke bayyana gare mu, sani tabbatacce kuwa, amma zatin abu, yadda yake shi kaɗai ba tare da mai dubawa ba, ƙofar madafar a rufe take. Bai ce duniya mafarki ce ba. Ƙullu yana nan, ganinsa ɗanye ne ba mu iyawa.

Sai dai ba a Jamus aka fara wannan tambaya ba. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ba da labari cikin Munƙizu minal Dalal yadda ya tuhumi idonsa, domin ido yana ganin inuwa tsaye alhali tafiya take, yana ganin tauraro kamar dinari alhali ya fi ƙasa girma. Sa'an nan ya tuhumi hankalin ma, ya yi kusan wata biyu cikin shakka, har ya ce wani haske da Allah ya jefa a ƙirjinsa ya warkar da shi. Shehu Sanusi na Tilimsan kuma, wanda ya rasu a 1490, mai Ummul Barahin da kakanninmu suka karanta a zaure, ya raba hukunci uku, na shari'a da na al'ada da na hankali. Ƙonawar wuta a hukuncin al'ada ya sa ta, watau abin da maimaici ya saba mana, wanda yana iya saɓawa. Ku duba fa, kusan shekara ɗari uku ke nan kafin Hiyum.

Kant ya mutu ran 12 ga Fabrairu 1804. A cikin watan nan ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu, a cikin shekarar nan kuma 'yarsa Hadiza ta haifi Abdulƙadir ɗan Tafa. Yaron ya tashi ya zauna a Salame, ya rubuta tarihi cikin Raudatul Afkar, ya rubuta falsafa cikin Futuhatur Rabbaniyya, inda ya auna maganar masu cewa ba kome sai jiki da ɗabi'a. Tafarkin Ibn Arabi ya bi, mai cewa hankali yana da inda yake tsayawa, bayansa sai kashafi, watau yaye labule daga zuciya. A 1853 Bajamushen nan matafiyi, Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya sadu da shi a ƙasar Sakkwato, ya shaida cewa shi ne mafi ilmi cikin mutanen Sakkwato na zamaninsa. Ɗan Tafa ya rasu a 1864.

Amma kada mu ce duk ɗaya ne, gaskiya ta fi daɗin baki. Sanusi ya ce faruwar duniya hujja ce ta hankali kan samuwar Mahalicci. Kant ya ce hankali tsantsa ba ya iya tabbatar da wannan, ba ya kuma iya rushe shi, sai ya bar wa imani wuri ta hanyar sanin ya kamata. Gazali da ɗan Tafa suna ganin ana buɗe wa bayin Allah ƙofar madafa, Kant ya ce a duniyar nan ba mai leƙawa. A nan suka rabu, kuma rabuwar babba ce. Inda suka haɗu shi ne ɗan Adam ya san iyakarsa.

Abin mamaki, Kant da kansa ya tsallake iyakar. Bai taɓa nisa da garinsu ba, bai zauna da baƙar fata ba, amma a 1764 ya rubuta maganganun raini kanmu daga labarin matafiya. Mai cewa ba a sanin zatin dutse ya yanke hukunci kan zatin mutane! Samari su karanta shi, amma da ido biyu.

Saboda haka ga roƙonmu. Kai yaro, kafin ka raina tsohon da ke zaune kan buzu, tambaye shi hukuncin al'ada, wataƙila ya riga malaminka na jami'a jin zancen. Ku kuma iyayenmu, in ɗa ya zo da tambaya mai nauyi kada ku kore shi, jikan Shehu ma ya yi irinta, ba wanda ya fitar da shi daga jama'a. Wanda ya ce ya ga ƙullu da idonsa, mu tambaye shi ta wace ƙofa ya shiga.

Allah ya ƙara mana sani mai amfani. Wassalam.