Aliyu Ɗan Sidi, Sarkin da Ya Ƙare a Lakwaja



A cikin sarakunan da Nasara suka naɗa da hannunsu, sa'an nan suka tuɓe da hannunsu, babu wanda labarinsa ya fi cancanta a tsaya a kansa kamar Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, domin shi ya haɗa asali da ilimi da fasahar waƙa. Ɗan gidan Mallawa ne, mahaifinsa Sarki Sidi Abdulƙadir, kakansa kuwa Malam Musa, wanda ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo.

A shekarar 1903, bayan da Ingilishi suka kawar da Sarki Kwasau, sai suka ɗora Aliyu bisa gadon sarauta, suna zaton wanda aka yi wa alheri irin wannan ba zai ƙi bin umarni ba. Amma mutumin da ya tashi a zamanin da Sakkwato ke naɗa sarki, ya kuma sha littattafan fiƙihu da lugga tun yana yaro, da wuya ya saki jiki da hukuncin Razdan. Saboda haka abin da bai iya furtawa a majalisa ba, sai ya zuba shi cikin baiti da ajami. Ya tsara Waƙar Diga a kan hanyar jirgin ƙasa da ta ratsa ƙasarsa ta isa Kano a 1911, ya kuma yi Tabarƙoƙo, wadda wa'azi da habaici suka cuɗanya a cikinta har almajirai suna ta yi mata sharhi. A ganina, waƙoƙin nan sun fi takardun Turawa bayyana yadda sarakuna suka ji zafin wannan zamani.

A 1920 aka tuɓe shi bisa tuhume-tuhumen da masu mulki suka jero, aka kai shi Lakwaja, inda kogin Kwara da na Binuwai suka haɗu, garin da aka tsare Sarkin Kano Alu. Mu ma a nan Nijar mun san irin wannan ƙaddara, tun da Faransawa suka raba Sarkin Damagaram Amadu Ɗan Basa da sarautarsa a 1906.

A Lakwaja Aliyu ya rasu a 1924, bai sake ganin ganuwar Zariya ba. Allah Ya jiƙansa da rahama.