Tarihin Dara a Ƙasar Adar

Dara tana cikin tsofaffin wasannin zaune da aka sani a ƙasar Adar, wato yankin duwatsu da kwaruruka na jihar Tawa wanda ya haɗa Keita da Buza da gefen Madawa, kuma a garuruwa irin su Ibohaman ba a rasa inuwar da dattawa suka mayar wurin yin ta bayan an kai amfanin gona rumbu. Abin da ya raya ta tsawon zamani shi ne kuma ya sa tarihinta bai bar kufai ba, domin allonta ƙasa ce, ƴaƴanta kuwa kara ne da tsakuwa, iskar hunturu ɗaya ta isa ta shafe filin da aka wuni ana fafatawa a kansa.

Tsarinta sananne ne daga Adar har ƙasar Zabarmawa, waɗanda suke kiran ta dili, da ƙasar Dakarkari ta Zuru a jihar Kebbi. Ana tona gurabe talatin a cikin yashi, layi biyar masu gurbi shida-shida, kowane ɗan wasa ya riƙe ƴaƴa goma sha biyu, ɗaya ya ɗauki guntayen karan gero da ake cakawa a tsaye, ɗayan ya ɗauki tsakuwa ko busasshen kashin raƙumi, don kada rundunonin su rikice. Matakin farko shi ne zubi, inda ake ajiye ƴaƴan ɗaya bayan ɗaya ba tare da an yarda kowa ya jera uku ba, kuma a nan gwani yake cin wasan tun kafin a motsa ko ɗa guda, saboda gurabe shida kaɗai suke saura babu kowa a ciki, wanda ya mallaki bakinsu shi ya mallaki hanya. Daga nan ake matsawa gurbi ɗaya gaba ko baya ko gefe, ban da karkace, duk wanda ya jera uku cif ya cire ɗa ɗaya na abokin karawarsa, jerin huɗu kuwa ba ya ci. Babban burin mai dara shi ne ya kafa jeri biyu maƙwabta, yadda ɗa guda zai riƙa kai da komo a tsakaninsu yana ci a kowane taku, kuma idan hakan ya tabbata sai a ga ƴan kallo sun fara miƙewa suna kakkaɓe riguna.

Dangin wannan wasa suna da yawa a arewacin Sahara. Larabawa suna da alƙirƙ, sunan da ya ƙunshi wasannin jeri da na tsallake, wanda aka ambata a Kitabul Agani na Abul Faraj al-Isfahani a ƙarni na 10, sannan aka bayyana dokokinsa a littafin wasanni da Sarki Alfonso na Goma na Kastila ya sa aka rubuta a 1283. Adar kuwa mararraba ce tun fil azal: Agabba na gidan sarautar Agadas ya shimfiɗa ikonsa a kanta wajen ƙarshen ƙarni na 17, Buzayen Lisawan suka riƙe Keita, na Kel Geres suka zauna wajen Madawa, ayarin gishiri yana saukowa daga Azbin yana komawa da gero. Wasan da ba ya buƙatar kaya, ba ya kuma buƙatar ƴan wasan su ji harshen juna, shi ne ya fi dacewa da zangon fatake, shi ya sa Buzu da Ba'adare da Bafillace suka iya durƙusawa a kan gurabe ɗaya. Turawa ba su rubuta ta sosai ba sai a makare, kuma littafin R. C. Bell na 1960 ne ya yaɗa dokokinta a duniya ta hanyar yadda Dakarkari suke yin ta.

Kalmomin dara na yaƙi ne, ana ci, ana tarewa, ana kashe hanya, amma ba ta kwaikwayon wani fagen daga na musamman. Wannan ya bambanta ta da shaɗaranji, mai sarki da dawakai, wanda fadar Borno ta san wani nau'insa da sunan tsatsarandi, ya kuma bambanta ta da wasan yaƙin tebur da hafsan Furusiya Reisswitz ya gabatar wa rundunar ƙasarsa a 1824, inda ake tura bataliyoyi a kan taswira da alƙali a tsakani. A dara ƴaƴa duka daraja ɗaya gare su, babu sarki babu bawa, kuma wannan daidaito ne ya sa ta zama ta kowa, ba ta ƴan fada kaɗai ba.

Malamai ba su taɓa sakin jiki da ita ba. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, ta hana wasan nardi, wato na jefa ƙuri'a, da shaɗaranji, kuma ko da yake dara ba ta da ƙuri'a, ana yi mata kallon mai cinye lokacin salla da na neman abinci. Harshen ma ya adana wannan zargi, domin ana cewa ana dara ga dare ya yi, ana kuma cewa dara ta ci gida idan dabarar mutum ta juyo kansa. Al'ada ta warware rikicin da kalanda: damina ta gona ce, dara ta rani ce, kuma saurayin da aka gani a bakin gurabe ana tsakiyar noma ya jawo wa kansa magana.

Sauran wasannin sun shigo ne ɗaya bayan ɗaya. Bayan Faransawa sun kafu a Tawa a farkon ƙarni na 20, sojoji da ma'aikata suka kawo karta da dam, wato wasan tsallake mai gida ɗari, wanda Afirka ta Yamma ta ƙware a kansa har Baba Sy na Senegal ya kai matsayin zakaran duniya. Ludo, da aka yi wa rajista a Ingila a 1896 bisa wani tsohon wasan Indiya, ta biyo ƴan cin rani daga kasuwannin Nijeriya. Cin ranin nan shi ne ya fi yi wa dara illa, domin lokacinta ya ɗauke. Bayan farin 1973 da na 1984 mazan Adar sun riƙa watsewa zuwa Kano da Legas da Abijan da Libiya da zarar an gama girbi, har ta kai lokacin da aka fara aikin farfaɗo da ƙasa na Keita a 1984, da tallafin Italiya da hukumar FAO, mata ne suka ɗauki mafi yawan duwatsun da aka jera a kan tuddai. Daga shekarun 1990 kuma samari suka kafa fada, wato majalisar shayi ta tsararraki, wadda karta da ludo suka mamaye kafin wayar hannu ta zo da nata ludon. Darar ta bi masu ita zuwa zango-zangon kurmi, inda siminti ya hana tona gurbi, sai ake zana gidajen talatin da gawayi a kan kwali, marafan kwalba su tsaya a madadin kara da tsakuwa.