Daga ina ruwan famfon Yamai yake fitowa?

Kusan duk ruwan famfon da ake sha a Yamai, babban birnin Nijar, daga Kogin Kwara yake fitowa, wanda a can ake kira Isa. Ana jawo shi zuwa matatu biyu na unguwannin Gudel da Yantala. A nan ake zuba masa alam don laka ta kwanta, a tace shi da rairayi, a sa kulorin don kashe ƙwayoyin cuta, sannan injuna su tura shi manyan tankuna, daga nan ya bi bututu zuwa gidaje.

Matsalar ita ce kogin ba ya tsayawa a hali ɗaya. Da damina, rassansa irin su Sirba da Goruwal kan kawo jan ruwa mai laka, wanda tace shi ke cin magani da yawa. Wajen Disamba da Janairu ruwan da ya taso daga tsaunukan Gini yake isowa. A Mayu da Yuni kuwa, lokacin da zafi ya tsananta kuma buƙata ta ƙaru, kogin yakan ja baya matuƙa. A Yunin 1985 ma ya daina gudu a Yamai saboda fari. Wannan ya sa aka gina shinge a cikin kogin a Gudel a 1989, domin tare ruwan da birnin zai dogara da shi kafin damina.

A 2001 gwamnati ta raba aikin gida biyu: kamfanin SPEN na gwamnati ya riƙe matatu da bututu da neman jari, kamfanin SEEN kuma, wanda Veolia na Faransa ke da kaso mafi tsoka a ciki, ya riƙe rarrabawa da karɓar kuɗi. Tun farkon 2024 kamfanin gwamnati NDE ne ya gaji SEEN.

Birnin yana faɗaɗa fiye da bututunsa. Mazauna sababbin unguwanni na bayan gari sukan dogara da famfunan kan titi da 'yan ga-ruwa, kuma sukan biya fiye da masu mita a gida.

Babban abin da ake sa rai a kansa shi ne madatsar Kandaji a jihar Tillaberi, kimanin kilomita 180 daga Yamai, wadda aka aza harsashinta a 2008. Manufarta ita ce a adana ruwan damina a riƙa sakinsa da rani, don kada abin da ya faru a 1985 ya maimaitu.