Zoben Daimon Marar Takarda: Nazari a Kan Shaida da Amana a Cinikin Ƙananan Duwatsu

Macen da ta saba sayen gwal ta san inda ƙarfinta yake. A gabanta ake ɗora sarƙa a kan sikeli, ta ga ko giram nawa ce, ta duba lambar da aka buga a jikin maƙulli, 750 ko 875 ko 916, wato karat 18 ko 21 ko 22, kuma tun kafin ta fito gida ta ji farashin giram na ranar. In ta yi shakka, akwai wani mai shago a layin da zai goga sarƙar a dutse ya ɗiga ruwan gwaji. Ban da ladan ƙira, duk abin da take biyan kuɗi dominsa ana iya auna shi nan take. Daimon, wanda wasu ke kira lu'u-lu'u, ya saɓa wa wannan tsari gaba ɗaya, kuma daga nan ne tambayar da ke gabanmu ta taso. Saurayi ya shiga shagon kayan ado a Landan ko Dubai yana neman zoben baiko daidai aljihunsa. An nuna masa ɗan zobe mai kyau, dutsen bai wuce rubu'in karat ba, amma mai shago ya ce ba shi da takardar daraja. Ya saya, ko kuwa cinikin biri a sama zai yi?

Zoben baiko na daimon al'adar Turai da Amurka ce, kuma yaɗuwarta zuwa ga talaka da matsakaici ba ta daɗe ba. Kamfanin De Beers, wanda aka kafa a 1888 a Afirka ta Kudu, shi ya ɗauki kamfanin talla na N. W. Ayer a ƙarshen shekarun 1930 don ya ɗaure daimon da alkawarin aure a zukatan Amurkawa, kuma a 1947 ne aka fito da taken nan nasu da ke cewa daimon ba ya gushewa. Sakamakon haka miliyoyin mutane suka fara sayen abin da ba su da idon tantance shi. Cibiyar GIA, wadda Robert Shipley ya kafa a 1931, ita ta cike wannan giɓi. A 1953 ta fitar da ma'aunin darajar daimon, a 1955 ta fara bayar da rahoto a rubuce.

Abu huɗu rahoton ke faɗa. Nauyi ana auna shi da karat, amma karat ɗin daimon daban yake da na gwal: na gwal ma'aunin tsantsa ne, na daimon kuwa nauyi ne, miligiram 200, ana kuma raba shi kashi ɗari. Launi ana ba shi harafi daga D, wanda ba shi da ko ɗigon rawaya, har zuwa Z. Tsabta tana da matakai goma sha ɗaya, ana duba ta da gilashin da ke ƙara girman abu sau goma, a nemi tabo ko tsaga ko wani ɗan ƙwayar ma'adini da ya maƙale a ciki tun dutsen na ƙarƙashin ƙasa. Na huɗu shi ne yanka, wato yadda aka fitar da fuskokin dutsen da kusurwoyinsa, kuma GIA ba ta fara ba shi maki a kan zagayayyen dutse ba sai a 2006.

A cikin huɗun nan nauyi kaɗai ne awo tsantsa. Launi da tsabta hukuncin ido ne: ƙwararre ya kifa dutsen a kan farin faranti, ya jera shi da duwatsun misali, ya yanke cewa wannan G ne ko H. Shi ya sa ita kanta GIA ba ta son a kira takardarta shaidar tabbaci, rahoto take kiranta. Ɗakunan gwaji kuma ba su zo ɗaya wajen tsanani ba. A 2014 kasuwar dillalai ta RapNet ta daina karɓar takardun ɗakin gwaji na EGL saboda ƙorafin cewa ana ɗaga darajar duwatsu fiye da kima. Ko GIA ma ta gamu da abin kunyar cin hanci a ofishinta na New York a 2005, har ta sallami ma'aikata. Ban kawo waɗannan don rage wa takarda mutunci ba, domin rahoton ɗakin gwaji mai tsanani abin dogaro ne ƙwarai. Manufata ita ce mai saye ya gane cewa kalmar "akwai takarda" ba ta ƙare magana sai an san wa ya rubuta ta.

Masanin tattalin arziki George Akerlof ya yi bayani a 1970, da misalin kasuwar motoci na hannu, cewa duk inda mai sayarwa ya san kayansa mai saye bai sani ba, mai saye zai taya kowane kaya da farashin mai aibi, har masu kaya nagari su janye daga kasuwa. Takardar daraja magani ce ga wannan cuta, tana kawo mutum na uku wanda ba shi da riba a cinikin. Sai dai maganin na da tsada, kuma tsadarsa ba ta raguwa daidai da yadda dutse ke ƙanƙancewa. Kuɗin gwaji, kuɗin aikawa, inshorar hanya, makonnin da jari zai yi a kwance, duk suna nan ko dutsen babba ne ko ƙarami. Farashin daimon kuwa ba ya hawa daki-daki, tsalle yake yi: dutse ɗaya mai karat guda ya ninka kuɗin duwatsu huɗu masu rubu'i-rubu'i nesa ba kusa ba. Abin da ba a jin nauyinsa a kan babban dutse sai ya zama kaso mai tsoka na farashin ƙarami.

Yanayin sana'ar ma ya nuna haka. Mafi yawan ƙananan duwatsun duniya a birnin Surat na Indiya ake yanka su, a tace su da rariya gwargwadon faɗi, a ware su rukuni-rukuni, a sayar a ƙunshin takarda ɗari-ɗari. Masana'antar zobe na sayen ƙunshi ne, ta dasa duwatsun, ta aika wa shaguna. Ƙaramin rahoton GIA yana farawa ne daga karat 0.15, kuma cikakken hukunci sai a kan dutsen da ba a dasa ba, tunda ƙarfe na ɓoye nauyi da tabo, yana kuma canja launi. Saboda haka ƙaramin zobe marar takarda shi ne abin da aka saba gani, kuma rashinta kaɗai ba alamar ha'inci ba ce. Da a ce dutse mai karat guda ne aka ce ba shi da takarda, nan kam sai a tambayi dalili.

To me ido ke iya gani? Zagayayyen daimon mai rubu'in karat faɗinsa kamar milimita huɗu ne, bai kai ƙwayar masara ba. A irin wannan girma, tabon da ya sa aka sauko da dutse mataki biyu ko uku a ma'aunin tsabta yawanci ba ya ganuwa sai da gilashi. Tazarar harafi ɗaya ko biyu a launi ma haka take, musamman in an dasa dutsen a jan gwal, wanda ke shanye ɗan rawayan da ke jikinsa. Abin da ke sa ƙaramin dutse ya yi walƙiya ko ya mutu shi ne yanka. Tun 1919 Marcel Tolkowsky ya lissafa kusurwoyin da ke sa haske ya shiga ta sama ya komo ta sama, kuma dutsen da aka yanka da zurfi sosai ko aka baje shi don a ceci nauyi, haskensa zubewa yake ta ƙasa. Wannan kuwa idon kowa na iya kama shi, muddin aka janye zoben daga ƙarƙashin fitilun shago, waɗanda aka tsara don su ƙawata komai, aka kai shi bakin taga ko inuwa, aka jera shi da wasu biyu ko uku. A wannan fage gani ya kori ji.

Inda nake ganin haɗarin yake, kuma inda masu cewa ƙaramin dutse ba ya buƙatar komai suke sakaci, shi ne asalin dutsen. Tambayar ko G ne ko I kuɗi kaɗan take ci. Tambayar ko daimon ne ma, kuma wane iri, ita ke iya cinye kuɗin duka. Akwai masu kama guda biyu da suka cika kasuwa. Zirkoniya, wadda ta shigo kasuwa a shekarun 1970, tana da sauƙin ganewa, don ta fi daimon nauyi kuma ba ta jan zafi kamarsa, ɗan alƙalamin gwajin zafi da ke kowane shago yana tona ta. Moisanait, da aka fara sayarwa a matsayin dutsen ado a 1998, ta fi wuya, tana jan zafi kusan kamar daimon har ta yaudari tsohon alƙalamin, sai dai ƙwararre na ganin layukan fuskokinta sun rabu biyu a cikin gilashi. Akwai kuma daimon na gaske da aka yi wa kwaskwarima, aka cike tsagarsa da wani irin gilashi don ta ɓace. GIA ba ta ba irin wannan daraja, domin cikon ba ya dawwama. Wutar maƙeri na iya lalata shi, zoben baiko kuwa sau da yawa sai an kai shi an rage ko an ƙara kafin ya zauna a yatsa.

Mafi girman sauyi shi ne daimon ɗin da ake ƙerawa a masana'anta. Kamfanin General Electric ya fara samar da shi a 1954, amma sai a 'yan shekarun nan ya zama fari tas, mai yawa, mai araha. Daimon ne a sinadari da tauri da walƙiya, alƙalamin gwaji zai ce daimon ne, gilashin maƙeri ba zai raba shi da na haƙa ba. A 2018 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta cire sharaɗin fitowa daga ƙasa a ma'anar kalmar daimon, tare da wajabta a bayyana wanda aka ƙera. A shekarar ce De Beers ta fito da reshenta na Lightbox tana sayar da karat na ƙerarren daimon a dala 800, farashin kasuwa kuma ya ci gaba da faɗuwa har kamfanin ya sanar da rufe wannan reshe a 2025. Babu aibi ga wanda ya zaɓi ƙerarren dutse da saninsa, kuɗinsa ma zai saya masa babba. Zalunci shi ne a karɓi kuɗin na haƙa a ba shi ƙerarre. Wannan ya faru: a 2012 ɗakin gwaji na IGI a Antwerp ya gano ɗaruruwan ƙerarrun duwatsu a cikin kayan da aka kawo masa da sunan na haƙa. Ƙananan duwatsun ƙunshi su suka fi sauƙin cakuɗawa, har mai shago na kirki na iya sayar da abin da shi ma bai sani ba. Akwai na'urorin tacewa da ke dogaro da cewa kusan duk daimon na haƙa na ɗauke da sinadarin naitirojin ta wata siga da fararen ƙerarru ba su da ita, kuma tambayar ko an bi da dutsen ta irin wannan na'ura tambaya ce da ta dace a yi wa kowane shago.

Abin da ya kamata ya tsaya a gurbin takardar daraja shi ne rasidi mai magana. A rubuta a kai cewa daimon ne na haƙa ko ƙerarre, an yi masa kwaskwarima ko ba a yi ba, nauyinsa kaza, launi da tsabta tsakanin kaza da kaza, gwal ɗin karat kaza, da kwanakin da za a iya mayarwa a karɓi kuɗi. A cikin kwanakin nan a kai shi wurin masanin duwatsu wanda ba ya cin riba da shagon. Wanda ya karanta fiƙihun ciniki ba zai ga baƙon abu a nan ba, zaɓin sharaɗi ne da haƙƙin mayar da kaya saboda aibi, sai dai a rubuce. Mai shagon da ya yarda ya faɗa da baki amma ya ƙi sa hannu ya riga ya ba da amsa. A kuma kula da takardu biyu da ake miƙa wa mutane su ɗauka rahoton daraja ne. Ɗaya takardar ƙiyasin kuɗi ce don inshora, wadda shagon kansa kan rubuta, sau da yawa da adadin da ya zarce abin da aka biya. Ɗayar kuma maganar tsarin Kimberley ce na 2003, wanda ya shafi fataucin ɗanyen daimon tsakanin ƙasashe don toshe kuɗin yaƙi, ba ya cewa komai game da ingancin dutsen da ke kan zobe.

A ganina, ƙasa da kashi talatin na karat rasidi irin wannan ya wadatar. Daga nan zuwa rabin karat duwatsu masu rahoto sun yawaita har babu dalilin haƙura da marar shi sai da ragi mai kyau, daga rabin karat zuwa sama kuwa ba zan ba kowa shawarar saye ba tare da rahoto ba, da lambarsa da aka zana da leza a ƙugun dutsen, wadda ake iya dubawa a shafin ɗakin gwajin.

Ga mai saye da ya taso inda gwal ajiya ne, wanda mace ke sayarwa ranar da buƙata ta taso, akwai abin da ya kamata ya sani tun kafin ya biya. Ranar da aka mayar da ƙaramin zoben daimon kasuwa, mai shago zai ɗora shi a sikeli ya biya kuɗin gwal ɗin, dutsen kuwa abin da zai taya shi kaɗan ne ƙwarai a kan abin da aka saye shi, da takarda ko babu.