Taswirar Tunani da Salula: Dabarun Riƙe Magana Kada Ta Ɓace

Mun san irin rigimar da mantuwa ke haddasawa cikin gida. Ɗa ya aiko jikka hamsin don aikin damina, kaka ta yi, a rasa mai iya faɗin inda kuɗin suka shiga. Ba cin amana ba ne, ba a rubuta ba ne kawai. Shi ya sa muka tattaro muku bayani kan taswirar tunani da kayan ajiyar bayani na cikin salula.

Mece ce taswirar tunani?

Zane ne mai kama da itacen gawo. Babbar magana tana tsakiya kamar kututture, ƙananan maganganu suna fita daga gare ta kamar rassa. Wani Bature ɗan Ingila, Tony Buzan, shi ya yaɗa ta a duniya ta shirinsa na talabijin ɗin BBC a 1974. Amma mu ba baƙuwarmu ba ce. Duk wanda ya ga dattijo ya share ƙasa da tafin hannu, ya ja layi da yatsa yana nuna iyakar gona da burtali da rijiya, to ya ga irinta.

Yadda ake yin ta

1. A samu takarda, a shimfiɗa ta a kwance, a rubuta magana ɗaya a tsakiya, a kewaye ta. Misali: Damina.
2. A ja rassa huɗu ko biyar: iri, taki, ƴan ƙwadago, bashi, bisashe.
3. Kowane reshe a fidda mishi ƴaƴa. Ƙarƙashin iri: hatsi tiya kaza, wake tiya kaza. Ƙarƙashin bashi: wa aka ranta wa, nawa, yaushe zai biya.
4. Kalma ɗaya ko biyu ta isa kowane reshe. In an cika surutu, ta tashi daga taswira ta koma wasiƙa.

Wanda bai yi lekol ba ma yana iyawa. Ya rubuta da ajami, ko ya zana akuya, ya ja ƴan layuka su tsaya madadin lamba.

Ga ƴan makaranta masu shirin BEPC ko BAC, ga misali daga darasin ƙasa. A tsakiya: Nijar. Rassa takwas: Agadas, Diffa, Dosso, Maraɗi, Tawa, Tilaberi, Damagaram da Yamai. Daga reshen Maraɗi sai a fidda Dakoro, Bermo, Mayahi, Tasawa, Gazawa, Agye, Madarunfa da Gidan Rumji. Shafi guda ya ɗauke abin da za a yi ta haddacewa dare da rana.

Me ya sa muke mantuwa?

Wani masani ɗan Jamus, Hermann Ebbinghaus, ya wallafa bincikensa a 1885, inda ya nuna cewa sabon abin da mutum ya koya ya fi saurin zubewa a awoyin farko, daga baya zubewar ta lafa. Maganinta shi ne bita ana ba da tazara: yau, gobe, bayan kwana uku, bayan mako. Malamanmu na allo sun daɗe a kan wannan. Ba a wanke allo sai karatu ya zauna, kuma bayan an wanke ana ci gaba da tilawa. Haka za a yi da taswira: a kifa takardar, a sake zana ta da ka, sannan a duba inda aka yi tuntuɓe.

Aikin salula

- Hoto: a ɗauki hoton taswirar, a tura wa mai aiko kuɗi. Shi da na gida suna kallon lissafi ɗaya.
- Murya: bayan taron ƙungiya ko ganin likita, a ɗauki muryar kai ana faɗin abin da aka tsaida tun bai gudu ba.
- WhatsApp: mutum na iya tura wa kansa saƙo, kuma saƙo mai muhimmanci ana sa mishi tauraro don kada ya nutse cikin gaishe-gaishe.
- Kalanda da ƙararrawa: don ranar zubin adashe, awon ciki, da rigakafin yara ko na bisashe.
- Google Keep na ajiye rubutu, hoto da murya. XMind da SimpleMind na zana taswira. AnkiDroid kuwa yana maido wa ɗalibi tambaya in lokacin bita ya yi.

Hattara

Salula na ɓata, ana sace ta, sarji na ƙarewa a daji, katin memori na lalacewa. Duk abin da ya shafi kuɗi, a bar kwafinsa a littafi. Kada a rubuta lambar sirri ta asusun waya cikin wayar. Kada a ɗauki muryar mutum ba da saninsa ba. Batun bashi kuwa, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umurni ta yi a rubuta shi, a kafa shaidu. Hoton waya ƙari ne, ba ya maye gurbin shaida.

Salula rumbu ce, tana ajiya amma ba ta sa abu ya zauna a kai. Zane da hannu da bita su ke wannan aiki. Kafin ruwan fari ya sauka, mai gida da uwar gida su zauna su zana taswirar daminar bana, a tura wa na nesa. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya bar zumunci.