Lissafin Jiran Layi: Daga Tarhon Danmak Zuwa Bankunan Sabon Gari

A watan Fabrairun 2023, bayan Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, magidanci a Dogarawa kan yi sammako zuwa bankunan Sabon Gari ko na Samaru neman kuɗin cefane, ya tarar layi ya riga shi. Da yawa sukan wuni a gaban na'urar cirar kuɗi, su koma gida hannu Rabbana. Wannan wahala tana da lissafinta, wanda ya haura shekara ɗari.

Agner Krarup Erlang, masanin lissafi ɗan ƙasar Danmak, shi ya aza harsashinsa. Ya kama aiki a kamfanin tarho na Copenhagen a 1908, inda ake neman sanin yawan layukan wayar da za su wadaci masu kira ba tare da an yi asarar kuɗi ba. A 1909 ya nuna cewa kira yana shigowa ne babu tsari, amma ana iya ƙiyasta shi da ilimin yiwuwa. A 1917 ya fitar da ƙa'idojin da kamfanonin sadarwa ke amfani da su har yau. A 1961 John Little na Amurka ya tabbatar da cewa matsakaicin yawan mutanen da ke layi daidai yake da yawan masu zuwa a awa ɗaya sau awannin da kowa ke ɓatawa.

A ɗauka na'ura tana sallamar mutum 30 a awa, mutane kuma suna zuwa jefi-jefi. Bisa tsari mafi sauƙi na wannan ilimi, idan 24 ke zuwa, kowa zai ɓata kimanin minti 10. Idan 27 ne, minti 20. Idan 29 ne, awa guda. Da zarar masu zuwa sun zarce 30, layin ba zai daina tsawo ba.

Haka ta faru a 2023: takardun kuɗi sun yi ƙaranci, fargaba kuma ta ƙara masu nema. Sauƙi ya fara samuwa ne bayan Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin takardun.

Darasin ya shafi gidajen man da ke kan hanyar Kano da ɗakunan jiran likita a Shika. Duk ma'aikatar da ta tsara aikinta daidai da yawan masu zuwa, ba ta bar rarar ma'aikata ko na'urori ba, masu jira ne za su biya da lokacinsu.